Me Ya Kai Sojojin Jamus Yaƙin Amurka Ƙarƙashin Tutar Ingila?

TAMBAYA

 Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare. Muna cikin darasin yaƙin neman 'yancin kan Amurka sai muka ci karo da bayanin cewa Turawan Ingila sun ɗauko hayar sojoji daga Jamus. Ɗalibaina sun tsare ni da tambayoyi. Me ya haɗa Jamusawa da rigimar da ba tasu ba? Su suka kai kansu don neman kuɗi, ko tilasta musu aka yi? Wa ya ci kuɗin? Ina kuma suka ƙare bayan yaƙin? Don Allah a warware mana.

Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA

 Madalla da ɗaliban da ke tsare malaminsu da irin waɗannan tambayoyi. Abin da kuka karanta gaskiya ne. Daga 1776 zuwa 1783, sojoji kimanin 30,000 daga ƙasashen Jamusawa sun ƙetare tekun Atlantika don taya Sarki George na Uku na Ingila yaƙi da talakawansa na Amurka da suka yi masa bore. A wasu shekarun yaƙin, cikin kowane soja uku da Ingila ke da su a can, kusan ɗaya Bajamushe ne. Sai dai akwai abin da ya kamata ɗalibai su fara riƙewa: ba da waɗannan sojoji aka zauna aka yi ciniki ba. Sarakunansu ne suka ba da hayar rundunoni sukutum, da hafsoshinsu da tutocinsu da igoginsu, kuɗin hayar kuma baitulmalin sarakunan ya shiga. In aka gane wannan, sauran amsoshin za su zo da sauƙi. Bari mu bi su daki-daki.

Jamus ɗin wancan zamani

A ƙarni na 18 babu wata ƙasa guda mai suna Jamus, don sai a 1871 aka haɗe ta. Abin da ake da shi masarautu ne da birane masu cin gashin kansu fiye da 300. Wasu manya ne kamar Prussia da Ostiriya, wasu kuwa mahayin doki zai ratsa su cikin yini guda. Kowane ɗan ƙaramin sarki yana so a san da zamansa, kuma a Turai ta lokacin, sarkin da ba shi da runduna ba a sa shi a lissafi. Ga kuma darasin Yaƙin Shekara Talatin, wanda aka yi daga 1618 zuwa 1648: ƙasar da ba ta da soja, rundunonin maƙwabta kan bi ta kanta ne, su cinye amfanin gonarta, su ƙone ƙauyuka su wuce.

Amma riƙe soja sai da kuɗi. Masarautar Hesse-Kassel, wadda ta fi kowa suna a wannan harka, ƙasa ce ta tuddai da dazuzzuka, ba ta da gaɓar teku balle fataucin da zai cika baitulmali. Sai sarakunanta suka samo dabara: a tara runduna babba, a horar da ita sosai, a ba da hayarta ga mai kuɗi, ta ciyar da kanta har ta kawo riba. Tun 1677 suka ba Denmark hayar sojoji, a 1687 suka ba Venice. Daga baya Ingila ta zama babbar abokiyar cinikinsu. A 1746 sojojin Hesse 6,000 sun je Scotland don taya murƙushe wani bore. A yaƙin gadon sarautar Ostiriya na shekarun 1740 ma, an taɓa samun sojojin Hesse a ɓangarori biyu masu gaba da juna, kowa ya biya nasa. Ke nan lokacin da rigimar Amurka ta taso, sana'ar ta kai shekara ɗari, kuma a fadojin Turai ba a ɗauke ta abin kunya ba.

Akwai kuma zumunci. Gidan sarautar Ingila na lokacin asalinsa Jamus ne: a 1714 aka ɗauko George na Ɗaya daga Hanover, kuma George na Uku yana sarautar Ingila yana riƙe da Hanover. Sarkin Hesse-Kassel, Friedrich na Biyu, gwaggon George na Uku ya aura, wato Gimbiya Mary. Magajin sarkin Brunswick kuwa yayar George ɗin ya aura. Cinikin tsakanin surukai da dangi aka yi shi.

Abin da ya sa Ingila ta nemi haya

An fara harbe-harbe a Lexington da Concord cikin Afrilun 1775. A lokacin, ƙarfin Ingila a teku yake. Sojojinta na ƙasa ba su kai 50,000 ba, su ma a warwatse suke tsakanin gida da Ireland da Gibraltar da tsibiran Karibiyan da Kanada. A watan Yuni aka gwabza a Bunker Hill kusa da Boston. Ingila ta karɓe tudun, amma fiye da sojojinta 1,000 aka kashe ko aka jikkata. Daga nan Landan ta gane cewa wannan ba tarzomar 'yan kwanaki ba ce.

Ɗaukar kurata a gida yana tafiyar hawainiya, horar da su kuma sai an ɗauki watanni. Gwamnatin Firaminista Lord North ta fara neman sojoji 20,000 daga Sarauniya Catherine ta Rasha, ta ƙi. Sai aka tura wani hafsa, Kanar William Faucitt, ya riƙa bin fadojin Jamus ɗaya bayan ɗaya. A Janairun 1776 aka sa hannu da Brunswick da Hesse-Kassel, sauran suka biyo baya. Masarautu shida ne suka shiga: Hesse-Kassel, wadda ta ba da kimanin 17,000 tsawon yaƙin, sai Brunswick mai kimanin 5,700, sai Hesse-Hanau da Ansbach-Bayreuth masu sama da 2,000 kowacce, sai Waldeck da Anhalt-Zerbst masu sama da 1,000 kowacce. Da yake fiye da rabi daga Hesse suka fito, Amurkawa suka riƙa kiran kowane sojan Jamus ɗan Hesse, ko daga ina yake. Sojojin Hanover kuwa an tura su gadin Gibraltar da tsibirin Minorca, don a samu kwashe na Ingila da ke can zuwa fagen fama.

Wa ya ci kuɗin

Yarjejeniyar tana da sassa uku. Na farko kuɗin ɗauka, sama da fam 7 kaɗan a kan kowane soja, wanda ake ba sarki. Na biyu kuɗin shekara-shekara, shi ma na sarki ne. Na Hesse-Kassel ya haura fam 100,000 a shekara, kuma an amince za a ci gaba da biya har shekara guda bayan sojojin sun dawo gida. Na uku albashin sojoji da abincinsu, wanda Ingila ta ɗauka daidai da yadda take biyan nata. Wannan na ukun kaɗai ke isa hannun soja.

A yarjejeniyar Brunswick akwai wani sharaɗi da ya tayar da ƙura: duk sojan da aka kashe za a biya sarki kuɗinsa, kuma mutum uku da aka jikkata daidai suke da gawa ɗaya. Masu kare sharaɗin sun ce kuɗin maye gurbin soja ne, tunda horar da wani sai an kashe kuɗi. Masu suka suka ce ai wannan kuɗin jini ne, sarki na cin riba daga mutuwar talakansa. Ya kamata a sani cewa babu wannan sharaɗi a yarjejeniyar Hesse-Kassel, ko da yake sau da yawa ita ake jingina wa shi.

Me sarakunan suka yi da kuɗin? Na Brunswick da na Ansbach bashi ya yi musu katutu, da shi suka rage. Friedrich na Biyu na Hesse-Kassel ya sassauta wa talakawansa haraji, ya ƙawata birnin Kassel, ya gina gidan tarihi na Fridericianum da aka kammala a 1779, ɗaya daga cikin na farko a Turai da aka buɗe wa jama'a, kuma yana nan har yau. Duk da haka ya mutu ya bar wa ɗansa dukiyar da ta sa shi cikin sarakunan da suka fi kuɗi a Turai. In ɗalibai na son taƙaitawa, Bahaushe ya riga ya yi musu: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da son ransu, ko dole?

Amsar ba ɗaya ba ce, don su ma sojojin ba iri ɗaya ba ne. Hafsoshi da yawa sun yi murna da tafiyar, domin a fagen yaƙi ake samun ƙarin girma. Cikin ƙananan sojoji akwai waɗanda soja ce sana'arsu tun ƙuruciya, albashin Ingila kuma ya fi na gida, har wasu suna aika wa iyalansu. Amma a Hesse-Kassel akwai dokar tilas. An raba ƙasar gunduma-gunduma, kowace gunduma da rundunar da take ciyarwa da samari, kuma wa'adin aiki shekara 24 ne. Ana ɗaga wa masu dukiya ƙafa, da masu sana'ar da ƙasa ke buƙata, da magajin gona. Wanda aka fi kwasa shi ne ƙanin magaji a gidan talaka, da marar aikin yi, da wanda hukuma ke ganin ba a rasa komai ba in ya tafi.

Da yaƙi ya yi tsawo, samari suka yi ƙaranci, sai masu ɗaukar kurata suka koma tare matafiya da baƙi, wani a yaudare shi da giya, wani a kama shi ƙarfi da yaji. Marubucin nan Johann Gottfried Seume, wanda ɗalibi ne a lokacin, ya ba da labarin yadda ya faɗa hannunsu a 1781 yana kan hanya, ya tsinci kansa a Halifax ta Kanada. A Maris na 1777 sojojin Ansbach sun yi bore a Ochsenfurt, bakin kogin Main, saboda cunkoson da aka yi musu a jiragen ruwa, sai da sarkinsu ya taso da kansa ya raka su. Tafiyar teku kuwa makonni ne masu yawa cikin matsi, da busasshen biskit da ruwa mai wari. Wasu ba su ma ga Amurka ba, a teku aka jefa gawarsu.

Yadda suka yi a fagen fama

Rukunin farko na Hesse-Kassel ya sauka a tsibirin Staten, kusa da New York, a Agustan 1776, ƙarƙashin Janar von Heister. Suna sanye da shuɗɗan riguna, wasu da dogayen hulunan tagulla, suna bin umarnin hafsoshinsu da harshensu, kuma kotun sojansu ce ke hukunta su. Akwai rukunin maharba masu korayen riguna, waɗanda aka ɗebo daga masu gadin daji da mafarauta, su ne gwanayen saiti da leƙen asiri. Kyaftin ɗinsu Johann Ewald ya bar littafin abin da ya gani, wanda masana tarihi ke dogaro da shi har yau.

Da farko sun firgita Amurkawa. Sun taka rawa a nasarar Long Island ranar 27 ga Agusta. A 16 ga Nuwamba, sojojin Janar von Knyphausen suka hau tudun Fort Washington ana yi musu ruwan harsashi, aka kama Amurkawa kusan 3,000. Sunansu ya ƙara ɓaci a New Jersey saboda kwasar kayan mutane, ko da yake sojojin Ingila ma ba su bar komai ba.

Sai ga Trenton. Daren Kirsimeti na 1776, George Washington, kwamandan sojojin Amurka, ya ƙetare kogin Delaware cikin ƙanƙara da mutum kimanin 2,400, da safiyar 26 ga Disamba ya afka wa sansanin Kanar Johann Rall. Aka kama Jamusawa kimanin 900, Rall ya samu raunin da ya yi ajalinsa. An daɗe ana cewa a buge aka same su saboda shagalin Kirsimeti, amma masana da suka bi shaidun waɗanda suka halarta ba su sami hujjar haka ba. Gajiya ce ta cinye su, don sun yi kwanaki suna sintiri da kwana cikin kayan yaƙi, Rall kuma ya raina abokan gaba bai gina ganuwa ba. Wannan nasara ce ta farfaɗo da rundunar Washington da ke gab da watsewa.

A arewa, sojojin Brunswick ƙarƙashin Janar Riedesel sun bi Janar Burgoyne na Ingila daga Kanada a 1777. An karya wani ɓangarensu a Bennington a watan Agusta, sannan ranar 17 ga Oktoba rundunar gaba ɗaya, kusan mutum 6,000, ta miƙa wuya a Saratoga. Matar Riedesel, Friederike, tana tare da su da 'yan 'ya'yanta mata uku, ta kuma rubuta abin da ta gani. 'Yar da ta haifa a New York daga baya Amerika aka raɗa mata. Faɗuwar Saratoga ce ta ba Faransa ƙwarin gwiwar shiga yaƙin a 1778. Rundunar Waldeck kuwa can kudu aka kai ta, ta fafata da Sifaniyawa, waɗanda su ma suka shiga yaƙi da Ingila, har aka kama ta a Pensacola a 1781.

Kada ɗalibai su ɗauka duk Bajamushe yana bayan Ingila ne. Baron von Steuben, tsohon hafsan Prussia, shi ya horar da sojojin Washington a Valley Forge a 1778. A Yorktown, inda aka yi babban gumurzu na ƙarshe a Oktoban 1781, cikin rundunar Faransa akwai ta Jamusawan Zweibrücken, kuma ita ta far wa wata ganuwa da 'yan Hesse ke cikin masu tsaronta. Masu hari da masu tsaro harshe ɗaya suke yi.

Ribar da ta zama hasara

Ta fuskar soja, Ingila ba za ta iya riƙe yaƙin shekara takwas ba tare da su ba. Ta fuskar siyasa kuwa, hayar ta cuce ta. A farkon 1776 Amurkawa da yawa suna fatan a sasanta, suna ganin kansu Ingilishi ne masu neman haƙƙinsu wurin sarkinsu. Da labari ya iso cewa sarkin ya ɗauko baƙi su zo su kashe su, masu neman ɓallewa suka sami hujjar da ba ta buƙatar dogon bayani. Takardar shelar 'yancin kai ta 4 ga Yulin 1776 ta lissafa wannan cikin laifuffukan Sarki George. A majalisar Ingila ma 'yan adawa sun soki yarjejeniyar. Sarkin Prussia, Friedrich Mai Girma, ya hana wasu rukunonin ratsa ƙasarsa a 1777. A 1784 marubucin wasan kwaikwayo Friedrich Schiller ya sa wani fage a wasansa Kabale und Liebe, inda sarki ke aika wa farkarsa lu'ulu'un da aka saya da kuɗin talakawan da aka tura Amurka.

Inda suka ƙare

Ƙididdigar da aka fi yawan kawowa ta nuna cewa cikin kimanin 30,000 da suka tafi, sama da 17,000 kaɗan ne suka koma gida. Kimanin 1,200 suka mutu a fagen fama. Fiye da 6,000 cuta da haɗari suka kashe, musamman zawon jini da zazzaɓi. Wato a kan kowane mutum ɗaya da harsashi ya kashe, cuta da haɗari sun kashe biyar. Sauran kimanin 5,000 suka zauna a Amurka da Kanada.

Zaman nasu ba abin mamaki ba ne. Tun Agustan 1776 majalisar Amurkawa ta yi alkawarin eka 50 ga duk wanda ya gudu ya bar rundunarsa, aka buga takardun da Jamusanci aka riƙa cusa su a ƙunshin taba. Fursunonin Trenton an kai su Pennsylvania, inda kusan kashi ɗaya bisa uku na mazauna Jamusawa ne da suka yi ƙaura tun da daɗewa. Aka riƙa ba manoma su suna ƙwadago a Lancaster da kewaye. Saurayin da a gida ba zai gaji ko taƙi ɗaya na gona ba, ya ga manomi mai harshensa da gona da shanu da rumbu cike, ba sarkin da zai kwashi 'ya'yansa. Da yawa suka auri 'ya'yan iyayen gidansu suka zauna. Bayan yarjejeniyar Paris ta 1783, sarkin Brunswick ma da kansa ya fi son wasu su yi zamansu can, don ya huta da ciyar da su.

Akwai kuma waɗanda suka yi tafiyar ta ɗaya gefen. Baƙaƙen fata fiye da 100, yawancinsu bayin da suka tsere wa iyayen gijinsu, sun shiga rundunonin Hesse, galibi a matsayin makaɗan ganga. Wasunsu sun bi rundunonin har Kassel da yaƙi ya ƙare.

To, sojojin haya ne ko a'a?

Ga yadda za a auna. Bajamushen nan Rolf Steiner, wanda ya yi wa Biyafara yaƙi a lokacin yaƙin basasar Najeriya, shi ya kai kansa, ba gwamnatin da ta aike shi. Haka Turawan da suka cika Kongo a shekarun 1960. Irin waɗannan ne dokar yaƙi ta Geneva da aka ƙara a 1977 ke nufi da sojan haya, kuma a shekarar ce Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta amince da yarjejeniyar yaƙi da su a Libreville. Dokar ta Geneva ta ware wanda ƙasarsa ta tura shi a matsayin sojanta. Da wannan ma'auni, 'yan Hesse sojojin ƙasarsu ne da aka ba wata ƙasa aro don kuɗi. In akwai ɗan kasuwa a lamarin, yana fada, ba a bariki ba.

Sana'ar ta mutu a hankali bayan juyin juya halin Faransa, da aka fara ganin cewa soja ɗan ƙasa ne mai kare ƙasarsa, ba kadarar sarki ba. Ita kanta Hesse-Kassel Prussia ta haɗiye ta a 1866.

Shawarata, Malam, in za ka koyar da wannan darasi, ka raba wa ɗalibai ɓangarori uku a kan allo: Ingila mai biya, sarakuna masu karɓa, da sojoji masu tafiya. Ka sa su rubuta abin da kowane ɓangare ya nema da abin da ya samu a ƙarshe, sannan su yi muhawara a kan wanda ya fi cancantar zargi. Allah ya ƙara basira, ya yi wa karatu albarka.